Kwankwani: Dafin Kibiya Da Ya Zama Maganin Zuciya

Zancen kimiyya na wannan mako a kan kwankwani ya ke, itacen nan da maharba da mayaƙan dā su ke haɗa dafin kibiya da 'ya'yansa. Dattawan da suka tashi a karkarar ƙasar Hausa sun san sunansa, ko da yanzu suna zaune a zangon Kumasi, ko Garwa, ko Omdurman, ko Makka. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, dafin nan da ya ke tsai da zuciyar ɓauna, shi ne kuma likitocin Turai suka yi shekara da shekaru suna ɗura wa marasa lafiya a jijiya, domin su ta da zuciyar da ta gaji. Har wa yau kuwa akwai ɗan'uwansa a ɗakunan magani na asibitocin duniya, ana kiransa digoksin. To, ƙaƙa abu guda zai yi kisa, ya kuma yi ceto? Maganar duka ta rataya ne ga awo, kuma saboda awon nan ya kamata duk mai ciwon zuciya, da duk mai jiyyarsa, ya kasa kunne.

Itacen da sanin maharba

Kwankwani itace ne mai yaɗo, ya kan nannaɗe manyan itatuwa ya hau su. Furensa na da abin mamaki, gama kowane kunnen fure yana da dogon jela siriri mai lilo, kamar zaren da aka murza. Saboda wannan jela ne masanan tsire-tsire suka sa wa danginsa suna Strophanthus a shekarar 1802, watau fure mai murɗaɗɗiyar igiya da harshen Yunanawa. In furen ya kaɗe sai kwanso biyu su fito, ɗaya ya nufi dama ɗaya hagu, kamar ƙahonin sa. In sun bushe sai su tsage, 'ya'yan su fito, kowane da tuntun gashi a kansa, iska ta kwashe su. Danginsa suna da yawa a Afirka, daga Senegal har Mozambik. Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya rubuta sunan kwankwani cikin littafinsa na sunayen tsire-tsire da Hausa a shekarar 1916.

A cikin 'ya'yan ne ƙarfin ya ke. Masu haɗa dafi su kan daka su, su dafa har ruwan ya yi kauri kamar kwalta, sa'an nan su shafe bakin kibiya. Kowace ƙasa da irin abin da ta ke ƙarawa, kowane gida kuma da asirinsa.

Tun kafin wani likita ya taɓa itacen nan, maharba sun lura da abu biyu. Na farko, dabbar da kibiya ta sama, ko da raunin bai kai ya kawo ba, ta kan yi ɗan gudu, ta yi tangaɗi, ta faɗi. Na biyu, in an yanke naman da ke kewaye da raunin an yar, sauran naman ya kan ciwu lafiya lau. Watau dafin yana da zafi ƙwarai in ya shiga jini, amma in ya bi ta baki ƙarfinsa ya kan ragu. Wannan sani na biyu, kamar yadda za a ji nan gaba, sai da likitocin Turai suka yi shekara ashirin suna fama kafin su amfana da shi.

Buroshin Likita Kirk

Daga shekarar 1858 zuwa 1864 David Livingstone ya shugabanci wata tafiya ta binciken kogin Zambezi da kogin Shire, a ƙasashen da a ke kira Mozambik da Malawi yanzu. A cikin ayarin akwai wani likita mutumin Sikotlan, John Kirk, wanda aikinsa ya haɗa da tattara tsire-tsire. Mutanen wurin suna harbi da wani dafi da su ke kira kombe, wanda itacensa ɗan'uwan kwankwani ne na kusa. Kirk ya samu kaɗan ya jefa a aljihu, aljihun nan kuwa a ciki ya ke ajiye buroshinsa na goge haƙori.

Ran nan ya goge baki, sai ya ji ɗaci. Da fari ya zaci kwinin ne, domin ya saba ɗiban kwinin da ƙotar buroshin. A lokacin yana fama da mura, jijiyarsa tana bugawa da sauri. Ba a daɗe ba sai ya ji bugun ya lafa, kashegari kuma ya tashi garau. Da ya ke likita ne, bai bar abin ya wuce ba, ya gane ɗan ɓurɓushin dafin nan ne ya taɓa zuciyarsa. Livingstone ya ba da labarin cikin littafin tafiyar da aka buga a 1865, har ya yi zaton watakila dafin ya zama magani mai amfani wata rana. Kirk ya aika da samfurin itacen zuwa lambun masana na Kew, kusa da Landan, inda aka raɗa masa suna Strophanthus kombe a 1871.

Kwaɗin Malam Fraser

Wanda ya ɗauki aikin da gaske shi ne Thomas Fraser na Jami'ar Edinbara. Shi kuwa ba baƙon dafin Afirka ba ne, gama ya riga ya yi suna a kan binciken waken Kalaba, wanda a ke samowa daga kudancin Nijeriya. A 1870 ya bayyana bincikensa na farko a kan dafin kombe. Ya kan ba kwaɗo dafin, sa'an nan ya buɗe ƙirjinsa ya zuba wa zuciyar ido. In ya ba da yawa, sai zuciyar ta rikice, ta dunƙule tam, ta ƙi sakewa, kwaɗon ya mutu. In ya rage ƙwarai, sai ya ga bugun ya yi sannu sannu, amma kowane bugu ya fi na dā ƙarfi.

Ya yi shekara goma sha biyar yana wannan aiki. Ya tace ainihin abin da ke da ƙarfin daga cikin 'ya'yan, ya sa masa suna sitirofantin, ya gwada shi a kan marasa lafiya da awo ƙanƙane. A 1885 ya tsaya gaban taron likitocin Ingila a birnin Kadif, ya shaida musu cewa dafin kibiyar Afirka magani ne ga zuciyar da ta kasa.

Ciwon kumburi da furen dijitalis

Kafin a ci gaba, ya kamata a san irin ciwon da a ke nufi. Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Ta kan buga wajen sau 70 a minti guda, watau kimanin sau 100,000 a yini da dare. Jinin da ta ke turawa cikin wannan lokaci ya kai lita 7,000, wajen cikin garwa 400 ke nan. In hawan jini, ko lalacewar ƙofofin zuciya, ko wani ciwo ya raunana ta, sai ta kasa kwashe jinin da ke komowa gare ta. Jini ya yi cunkoso a baya, ruwa ya tsattsafo daga jijiyoyi. Ƙafafu su kumbura har in an danna da yatsa gurbin ya zauna, ciki ya cika da ruwa, huhu ya jiƙe. Mara lafiya ya kasa kwanciya, sai ya kwana a zaune yana haki. Wannan shi ne gazawar zuciya.

Shekara ɗari daidai kafin jawabin Fraser, wani likita na birnin Birmingham, William Withering, ya riga ya sami maganin wannan kumburi. A 1775 aka nemi ra'ayinsa a kan wani haɗin gargajiya na wata tsohuwa a lardin Shropshire, wanda aka ce yana sauke kumburi bayan likitoci sun gaza. Haɗin yana da ganye iri ashirin ko fiye. Da ya ke Withering masanin tsire-tsire ne, sai ya gane cewa guda ɗaya ne ke aikin, watau dijitalis, wani tsiro mai fure kamar hular yatsa ta maɗinka. Ya yi shekara goma yana auna garin busasshen ganyen, yana rubuta labarin kowane mara lafiya, har da waɗanda maganin ya cuta da waɗanda suka mutu. A 1785 ya buga littafinsa, da labarin mutum fiye da 150. Ya gargaɗi likitoci su fara da kaɗan, su dakata da zarar maganin ya nuna aikinsa ga fitsari, ko ciki, ko bugun jijiya.

Ashe tsiron Ingila da itacen Afirka abu iri ɗaya su ke ɗauke da shi, ko da ya ke ba su haɗa dangi ba. Haka kuma wani itace na ƙasar Somaliya, wanda maharban can su ke kiran dafinsa wabayo. A 1888 wani masani na Faransa, Arnaud, ya tace dafin nan ya sa masa suna wabayin, aka kuma tarar shi ne dai ke cikin 'ya'yan wani ɗan'uwan kwankwani da ke fitowa a kurmin Kamaru da Gabon. Daga nan 'ya'yan itatuwan nan suka zama hajar ciniki, ana jigilarsu daga Afirka zuwa masana'antun magani na Turai.

Daga cokali zuwa allura

Da fari an riƙa ba da sitirofantin ta baki, ɗigo ɗigo cikin ruwa, amma likitoci da yawa ba su gamsu ba. Wani ya sha ya ji sauƙi, wani ya sha ya tashi da zawo kawai. Dalili biyu ne. Fatake su kan gauraya 'ya'yan itatuwa iri dabam dabam, saboda haka ƙarfin kwalba ɗaya ya kan bambanta da na wata. Har ta kai ana gwada kowane kaso a kan kwaɗi ko kyanwoyi kafin a sayar. Dalili na biyu shi ne wanda maharba suka daɗe da sani: hanji ba ya tsotse dafin nan sosai, abin da ya ke tsotsewa kuma ba shi da ƙa'ida.

Wani likitan Jamus, Albert Fraenkel, shi ya bi hanyar kibiya. A 1905, a asibitin Jami'ar Strasbourg, ya fara ɗura maganin kai tsaye cikin jijiyar jini da allura, a 1906 kuma ya bayyana sakamakon. Mutumin da aka kawo yana haki, leɓɓansa sun yi shuɗi, cikin 'yan mintoci sai bugun jijiyarsa ya daidaita, numfashi ya sauko, daga baya fitsari ya ɓalle, kumburi ya fara saɓewa. Allurar sitirofantin ta yi shekaru da dama tana cikin jakar likitocin Jamus da maƙwabtansu.

A Ingila kuwa dijitalis aka riƙe. A 1930 Sydney Smith, ma'aikacin kamfanin Burroughs Wellcome, ya tace digoksin daga ganyen wani irin dijitalis na gabashin Turai. Digoksin yana da fifiko biyu: ana iya auna shi daidai a ma'auni, hanji kuma yana tsotse mafi yawansa. Saboda haka aka mai da shi ƙwaya, sannu a hankali ya ture sauran.

Yadda ya ke aiki

Likitoci sun yi fiye da shekara 150 suna ba da waɗannan magunguna ba tare da sun san inda su ke kamawa ba. Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita, kowace da 'yar fatarta da ta kewaye ta. A wajen ƙwayar akwai sodiyam da yawa, sinadarin nan da ke cikin gishiri da kanwa. A cikinta kuwa fotasiyam ya fi yawa. Kullum sodiyam yana yoyo zuwa ciki, kamar yadda ruwa ke tsattsafowa cikin kwalekwale. In ba a kwarfe shi ba, ƙwayar ta lalace.

A 1953 Hans Schatzmann, a birnin Bern na Suwizalan, ya nuna cewa sitirofantin yana hana ƙwayoyin jini kwarfe sodiyam. A 1957 Jens Skou na ƙasar Danmak, yana bincike a kan jijiyoyin ƙafar ƙaguwa, ya gano abin da ke yin kwarfar. Wani ɗan famfo ne da ke zaune a fatar ƙwayar halitta, kowane juyi ya fid da sodiyam 3 ya shigo da fotasiyam 2. An ba Skou lambar Nobel saboda wannan a 1997. A kan famfon nan ne dafin kwankwani, da wabayin, da digoksin su ke zama su toshe shi.

To, me ya haɗa toshe famfo da ƙarfin zuciya? A fatar ƙwayar tsokar zuciya akwai wata ƙofa ta biyu, inda a ke musaya: sodiyam ya shiga, kalsiyam ya fita. Kalsiyam kuwa shi ne ke ba tsoka umurnin ta matse. In maganin ya toshe kaɗan daga cikin famfunan, sodiyam ya ɗan taru a ciki, sai musayar ta yi sanyi, domin wanda rumbunsa ke cike da gero ba ya ɗokin karɓar gero. Kalsiyam ya rasa hanyar fita, ya taru, saboda haka kowane bugu ya zo da ƙarfi. Ban da wannan, maganin yana zuga wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa, wadda aikinta ja wa zuciya linzami ne. Shi ya sa bugun jijiyar Kirk ya lafa. Zuciya ta sami sararin cika sosai kafin ta matse, ƙoda ta sami isasshen jini, ta fid da ruwan da ya taru.

In kuwa famfunan da aka toshe suka yi yawa, sai kalsiyam ya cika ƙwayar har ya tumbatsa. Tsokar ta riƙa harbawa ba bisa ƙa'ida ba, sashe ya matse sashe ya saki, jini ya daina tafiya. Abin da ke ka da ɓauna ke nan. Aikin dafin da aikin maganin guda ne, yawan famfunan da aka toshe ne ya raba su.

Siririn tsakani

Yawancin magunguna suna da fili mai faɗi tsakanin awon da ke warkarwa da awon da ke cutarwa. Na digoksin siriri ne ƙwarai, ninki biyu na abin da ya dace ya isa ya jawo wahala. Ƙwayar da a kan ba babba a yini ba ta wuce miligiram 0.125 ko 0.25, watau giram ɗaya tak ya isa a yi ƙwaya 4,000 ta babban awon. Ƙoda ce ke fid da shi, kuma sai ta yi yini ɗaya da rabi ko biyu kafin ta fid da rabin abin da ke jiki. In ƙoda ta yi rauni, saboda tsufa, ko ciwo, ko ƙarancin ruwa a jiki, sai maganin ya yi ta taruwa, alhali mara lafiya bai ƙara ko ƙwaya ɗaya ba.

Fotasiyam kuma yana da hannu a ciki, gama shi da maganin wuri ɗaya su ke takara a jikin famfon. In fotasiyam ya ragu a jini, maganin ya sami wurin zama ba mai tare shi, ƙarfinsa ya ƙaru. Abubuwan da ke rage fotasiyam kuwa sanannu ne: amai, da zawo, da waɗansu magungunan sa fitsari, da yawan shan maganin wankin ciki irin su filasko.

Alamun da ke nuna maganin ya yi yawa su ne ƙin abinci, tashin zuciya, amai, kasala, ruɗewa musamman ga tsofaffi, da bugun jijiya mai tsallake ko mai nawa ƙwarai. Waɗansu su kan ga kome ya yi rawaya rawaya, ko su ga kewaye a jikin fitila. Withering ya rubuta yawancin alamun nan tun 1785. Yanzu likita yana iya auna yawan maganin a jini. Akwai kuma makari, wanda a ke samowa daga jinin tumakin da aka shirya jikinsu ya yi gaba da digoksin. An fara ceton mutum da shi a birnin Boston a 1976, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi a 1986. Sai dai yana da tsada, ba kowane asibiti ke ajiye shi ba.

Matsayinsa a yau

Digoksin ya yi aiki a ƙasar Hausa ma. A 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka bayyana bincikensu a kan mata 224 a Zariya waɗanda zuciyarsu ta kasa bayan haihuwa. Sun danganta yawan ciwon da shan kunun kanwa mai yawa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a kan gadon wuta. Da digoksin da maganin sa fitsari aka yi jiyyarsu, da yawa kuwa suka sami sauƙi.

Amma sauƙin numfashi dabam, tsawon rai dabam. A 1997 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Amurka da Kanada a kan mutum 6,800 masu gazawar zuciya. Rabi aka ba su digoksin, rabi aka ba su ƙwayar da ba kome a cikinta, aka bi su wajen shekara uku. Waɗanda suka sha digoksin ba su yawaita kwanciya asibiti kamar sauran ba, amma yawan mutuwa ɗaya ne a ɓangarorin biyu. A cikin waɗannan shekaru kuma aka sami waɗansu magunguna da aka tabbatar suna ƙara kwana, masu sassauta jijiyoyin jini da masu hutad da zuciya. Jakin da ya gaji a kan tudu, ana iya tsungulinsa ya ƙara himma, amma rage masa kaya ya fi kai shi gida.

Saboda haka digoksin ya koma sahu na biyu. Ana ba da shi in sauran magunguna ba su wadatar ba, ko in zuciya tana kaɗawa da sauri ba tsari, a rage mata gudu. Yana nan cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ga shi kuma da araha. Sitirofantin kuwa, ɗan kwankwani na ainihi, kusan an daina ba da shi a asibiti. Amma wabayin bai yi ritaya ba, yana ɗakunan bincike ko'ina a duniya, da shi masana su ke toshe famfon nan in suna so su ga abin da zai faru.

'Yan'uwansa na bakin hanya

Dangin dafin nan suna kusa da gidajen mutane fiye da yadda a ke zato. Tumfafiya, wadda Larabawa ke kira ushar, tana ɗauke da irinsa cikin farin ruwanta, tana kuwa ko'ina daga Sakkwato har Hijaz. Farar nan mai zane da ke kwana a kanta tana cin ganyen, ta adana dafin a jikinta, masu farautarta su ƙyale ta. Haka kuma furen nan na ado da Larabawa ke kira difla, wanda a ke shukawa a bakin titi da farfajiyar gidaje a Sudan da ƙasar Makka da sauran ƙasashe masu zafi: ganyensa da furensa da itacensa duk dafi ne. Wani ɗan'uwansa mai rawayan fure ya hallaka mutane da yawa a ƙasar Siri Lanka, waɗanda suka ci 'ya'yansa. A gabashin Afirka ma akwai wani ɓera mai geza, wanda masana suka bayyana a 2011 cewa ya kan tauna ɓawon itacen wabayo ya shafe gashin haƙarƙarinsa da shi. Karen da ya cije shi ya kan sha wuya, wani ma ya mutu.

Abin da ya kamata a riƙe

Wanda likita ya ɗora a kan digoksin ya sha daidai yadda aka ce. In ya manta da na jiya, kada ya haɗa biyu yau. In amai ko zawo ya kama shi, ko ya ga abinci ya fita ransa haka kawai, ko ganinsa ya sake, ya hanzarta zuwa asibiti da kwalin maganin a hannu. Mai niyyar azumi ko aikin Hajji cikin zafi ya shawarci likitansa tukuna, domin ƙishirwa mai tsanani tana rage aikin ƙoda. Duk likitan da zai rubuta masa wani magani, ya gaya masa yana shan digoksin, gama waɗansu magungunan, har da na kashe ƙwayoyin cuta, suna ƙara yawansa a jini. Kada ya haɗa shi da jiƙo ko sassaƙen da bai san abin da ke ciki ba, musamman wanda aka ce na zuciya ne ko na kumburi. Kada ya ɗiba ya ba maƙwabci don ya ga ƙafarsa ta kumbura, domin kumburi iri iri ne, akwai na ƙoda, akwai na hanta. A kuma ajiye shi inda hannun yaro ba ya kai, gama ƙwayoyi kaɗan sun isa su hallaka ƙaramin yaro.

Mai jiƙa ganye a gida ba shi da hanyar sanin ƙarfin abin da ke cikin ƙwaryarsa. Ƙarfin ganye ya kan sāke bisa ga ƙasar da ya tsiro, da lokacin da aka tsinke shi, da yadda aka shanya shi. Wannan ne ya sa Withering ya yi shekara goma yana awo, Fraser ya yi goma sha biyar, aka kuma jira har 1930 kafin a sami ƙwayar da ƙarfinta ba ya sākewa. Maharban Afirka su suka gano itacen, suka san ta jini ya ke kisa. Abin da masana suka ƙara a kai shi ne ma'auni, wanda kuwa ba shi da ma'aunin nan, ya bar kwankwani da tumfafiya inda ya gan su.

Nan zancen wannan mako ya tsaya. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi.